Ɗakin da Aka Gyara wa Baba

Shekarar da Baba ya tafi aikin hajji ina gidanmu a Wurno. Mijina ya rasu, na gama takaba a Achida na dawo, kuma tunda Inna ta riga mu gidan gaskiya, ni ce mai dafa wa Baba abinci da share masa ɗaki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Ni kaɗai na san cewa Baba ba ya gani sosai. A fili, idan rana ta take, yana gane inuwar mutum da hanyar masallaci. Da ya shiga ɗaki kuwa, shi ke nan, duhu ne. Yadda na gane ma abin kunya ne. Wata rana na shiga ɗauko kwanon tuwo, ina tsaye kusa da shi har ina jin ƙamshin turarensa, sai ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya yana kirana, a zatonsa ina madafa. Da na amsa a gefen kunnensa sai da ya zabura.

Sai ya ce, “Uwata, zamna. Abin ga da kin ka gani, kar ki hwaɗa ma kowa. Balle Yayanki.”

Na ce, “Baba, ai magani za a nema.”

“Na nema. Mai duba ido ya ce jijiya ta, ba yana ta ba, ba ta kankaruwa. In Yayanki ya jiya, Sakkwato za shi kai ni, shi aje ni ɗaki mai sanyi, ba ni da aiki sai jiran abinci. Nan anka haihe ni, nan nika son a ɗauke ni.”

Ya sa na yi masa alkawari, na kuwa yi. Na san Yaya. Babban ma’aikaci ne a Sakkwato, mutumin kirki, amma irin kirkin nan da ba ya tambayarka abin da kake so. Tun rasuwar Inna yake naci a kan Baba ya koma wurinsa, Baba yana kaucewa da cewa masu ɗaukar karatu a zaure ba su da wanda zai riƙe su. Ranar da Yaya ya ji maganar ido, ranar hujjar Baba za ta ƙare.

Karatun zaure bai taɓa tona shi ba, domin littattafan duk suna kansa. Abin da ya rufa masa asiri a cikin gida kuwa ɗakinsa ne. Tsohon soro ne na ƙasa, rufin azara, daga baya aka ɗora masa kwano. Babu bango ɗaya a cikinsa da ya miƙe. Na hagu yana da wani tudu da ya taso daga bakin ƙofa ya tafi har kan gado, daidai ƙugun mutum, inda aka taɓa yin ƙarin yaɓe aka bar shi haka. Akwai alkuki inda ake ajiye fitila a da, akwai turken da yake rataya rawani, akwai dokin ƙofa mai tsawo da duk baƙo sai ya yi tuntuɓe da shi. Baba yana shiga sai ya ɗora yatsu a kan tudun nan ya bi shi, kai ka ce shafa bango yake don nishaɗi. Wurin har ya yi baƙi, ya yi santsi. Bai taɓa laluben komai a ɗakin nan ba, muddin ban kawar da shi daga inda ya ajiye ba.

Yaya ne ya biya masa kujera. Ƙanen Baba da ke Rabah, wanda muke kira Baffa, shi ya raka shi. Hankalina bai tashi da tafiyar ba, domin a can kowane tsoho riƙe masa hannu ake yi saboda cunkoso, ba mai cewa komai.

Jirginsu bai daɗe da tashi ba sai ga motar Yaya a ƙofar gida, bayanta wata a-kori-kura cike da siminti da faifan silin da dogayen katakai. A wajenmu haka ake yi. Mutum ya tafi Makka, ba a bari ya dawo ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya shafa farar ƙasa, mai hali ya yi fenti, ya canja labule. Wanda bai yi wa ubansa ba, unguwa za ta yi da shi har wata shekarar. Ni kaina na san da haka, na ma tanadi farar ƙasata. Ban dai zaci Yaya zai zo da mota guda ba.

Na ce, “Yaya, mi za a yi da wanga kaya duka?”

“Ɗakin Baba za a maishe ɗaki. Silin, hilasta, tayil, da katakon ado sama da ƙasa, irin na hwalona. Ba ni mabuɗi.”

“Baba ba shi son a taɓa mai kaya.”

Ya yi dariya. “Wane tsoho ka so? In ya gani za shi so.”

In ya gani. Na tsaya da mabuɗin a hannu, maganar tana bakina, alkawari ya danne ta. Na ce ko a bari ya dawo a tambaye shi. Yaya ya ce to ina daɗin abin, ai so yake Baba ya shigo ya yi mamaki. Na ce ɗakin kakanmu ne, bai kamata a sake masa kama ba. Ya ce kakanmu da ya samu siminti da bai yi yaɓe ba. Duk abin da na kawo yana da amsarsa, domin duk abin da na kawo ba shi ne dalilin ba. Na miƙa masa mabuɗi.

Kafintan da ya ɗauko mutumin Goronyo ne, dogo, mai fensir a bayan kunne da surutu kamar rediyo. Ba ni da abin da zan zarge shi da shi, aikinsa ya zo yi. Ranar farko ya kafa ƙusa a wannan kusurwa, ya kafa a waccan, ya ja zare tsakaninsu. Sai ya kira ni in gani. Zaren ya miƙe sak, bango kuwa nan ya turo ciki, can ya shige, wani wurin har hannu yana wucewa tsakaninsa da zare.

Ya ce, “Hajiya, kin gani? Katako ba shi lanƙwasa don bango. Bango ka bin katako. Duk abin da yat taɓa zaren ga, sai an sassabe shi.”

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma duk macen da ta haura arba’in Hajiya ce a bakinsa. Na nuna masa tudun nan na hagu na ce shi dai a bar shi. Ya ɗauko guntun katakon da za a sa a gindin bango, ya jingina, ya nuna mini yadda tudun ya sa bangon ya karkace har ƙasa, katakon ya tsaya a kan iska. Ya ce idan ya bar shi haka, kyankyasai za su samu gida, kuma duk wanda ya shigo zai ce kafintan Goronyo bai iya aiki ba. Ya tambaye ni mene ne amfanin tudun. Na ce babu, sabo ne kawai.

Washegari magina suka shiga da diga. Ina tsakar gida ina tankaɗe ina jin saran, ƙasa tana zubowa. Da suka fito da ita a baho na ga ɓallin wurin nan mai baƙi a sama. Na juya baya don kada su ga fuskata. Aka cike alkuki da bulo. Aka fasa dokin ƙofa saboda tayil ya tafi daidai, aka ɗaga saman ƙofar don firam ya shiga. Turken rawani kuwa kafinta da kansa ya zare shi ya kawo mini, ya ce ko zan yi makamashi da shi.

Na rasa yadda zan yi, sai na kira wayar Baffa, duk da Yaya ya ce kada a faɗa. Baffa kunnensa ya yi nauyi, kullum a lasifika yake sa waya, ina jin hayaniyar ’yan ɗakinsu. Bayan gaisuwa na ce a ba ni Baba.

“Baba, Yaya na gyaran ɗakinka.”

Ina jin wani yana tambayar inda aka ajiye buta, sai muryar Baba.

“Hwarar ƙasa?”

“A’a. Siminti da silin da katako.”

“Bango hwa?”

“Har bango, Baba.”

Na jira ya ce a tsaya. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsayar da Yaya. Amma idan ya ce a tsaya za a tambaye shi dalili, ga Baffa a gefensa, ga mutane. Uban da ɗansa ya biya masa Makka, ya kuma gyara masa ɗaki, da wane baki zai ce ba ya so? Sai Baffa ya karɓe zancen yana ta sa wa Yaya albarka. Daga nesa na ji muryar Baba yana cewa, “To. Allah shi saka mai.” Aka kashe waya. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka mai isata.

Aiki ya ci gaba. Damina ta fara sauka, mutane suna ta fita shukar gero, mu kuma gidanmu ƙurar siminti da ƙarar zarto. Da filasta ta bushe aka buga silin, azarar da na sani tun ina yarinya ta ɓace a bayansa. Sannan aka zo kan katakon ado. Gaskiya abin kallo ne. Na sama yana da layi-layi da aka fafe a jikinsa, ana buga shi inda bango ya haɗu da silin. Kafinta yakan yanka bakin kowanne a karkace, yadda idan biyu suka haɗu a kusurwa ba za ka ga tsaga ba. Idan bai zauna ba ya sauko daga kan benci, ya ɗan goge, ya sake hawa, yana ta ba ni labarin yadda ruwan dam ya ci masa gonar albasa. Kan ƙusa ma sai ya nutsar da shi ya cike ramin, ya bi da takardar goge katako. Ya ce yadda ko makaho ya shafa ba zai ji komai ba. Wasa yake yi, har da dariyarsa. Ni na shige madafa.

Na yi wani yunƙurin na ƙarshe. Na ga ragowar katakon gindin bango a jingine, sai na ce wa kafinta ko zai buga guda a bangon hagu, daidai ƙugu, daga ƙofa zuwa gado. Ya ce ana yi, ya taɓa gani, ba wuya. Har ya ja layi da fensir. Da Yaya ya zo ranar Asabar ya ga layin ya tambaya, aka ce ni ce.

“Ke, ɗakin asibiti na? Mi za a yi da katako tsakiyar bango?”

“Tsoho na, Yaya. Ko za shi dahwa.”

“Baba da ka tahiya masallaci da ƙahwa tai? Kar ki maishe shi abin da ba shi ba.”

Ya sa aka goge layin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cikin ƙauna ya faɗa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon sama, idonsa ya kawo ruwa, ya ce tun yana yaro yake ganin ƙasa tana zubo wa Baba a kan littafi, yau Allah ya nufa ya raba shi da ita. Na ji kamar in kama rigarsa in faɗa masa komai. Na ce ya yi kyau. Ya kuwa yi kyau, bango fari tas, katakon ruwan zuma mai sheƙi, kusurwa huɗu duk iri ɗaya.

Ranar da suka dawo gida ya cika, ’yan’uwa daga Rabah da Magarya, maƙwabta, masu ɗaukar karatu. Yaya ya riƙo hannun Baba har bakin ɗaki, ya sake shi, ya ce ya shiga da bismilla. Ina tsaye a bayan mata. Baba ya sunkuyar da kai inda babu sauran abin sunkuyawa, ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofar da babu shi, ƙafar ta sauka a kan tayil ya yi taga-taga. Mutane suka ce gajiya ce, tafiyar ba kaɗan ba. Na ga hannunsa na hagu ya tafi bango. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Sai ya sauke hannun ya sa a aljihu.

Na kutsa na wuce shi ina magana da ƙarfi, “Baba, ga gado nan, zo ka zamna ka huta,” ina bubbuga katifar. Ya biyo muryata ya zauna. Yaya ya ce ya dubi sama. Baba ya ɗaga kai ya juya shi a hankali daga dama zuwa hagu, ya ce, “Ma sha Allah. Allah shi yi ma albarka.” Kowa ya ce amin.

Kwanakin da suka biyo baya ni na zama bangonsa. Idan baƙi suka ragu sai in rufe ƙofa mu yi ta gwaji. Ya gwada bin katakon gindin bango da yatsan ƙafa, amma katakon iri ɗaya ne ko ta ina, ba ya gaya masa ko wane bango yake bi. Ya kai kusurwa ya tsaya ya tambaye ni wacce ce. Mutumin da ya haura shekara saba’in a ɗaki ɗaya. Bai taɓa ce mini don me na ba da mabuɗi ba, ni ma ban taɓa ce masa don me bai hana ba. Dabarar da muka samu ita ce buzunsa. Na shimfiɗa shi wuyan yana kallon gabas, na ce ba zan ƙara ɗaga shi ba ko da shara. Idan ya taka shi ya ji inda wuyan yake, ya san alƙibla, daga nan ya san ƙofa, ya san gado. Ya fara sabawa. Har na fara cewa a raina wataƙila mu tsira, Yaya ya koma bakin aikinsa, mu ci gaba da lallaɓawa.

Ana jibi Yaya zai koma, da hantsi, ina madafa ina fama da abincin baƙi. Matar Yaya, baiwar Allah, ta ga ayyuka sun yi mini yawa ta ce bari ta share ɗakin Baba, lokacin yana zaure. Ban ji ta ba, daga baya ta faɗa mini. Ta ga tsohon buzu a kan sabon tayil, ta naɗe shi ta sa a ƙarƙashin gado, ta ɗauko sabuwar darduma cikin tsarabar Makka ta ajiye masa a ninke a bakin katifa.

Na ɗauko tire zan kai, na tarar da Yaya da Baffa tsaye a bakin ƙofa, ba mai motsi. Na leƙa ta tsakaninsu. Baba ya shigo yin sallar walha, ya nemi buzu bai samu ba, bai kira ni ba saboda mutane. Ya shimfiɗa dardumar da kansa. Yana tsaye ya kabbarta, fuskarsa tana kallon arewa.

Baffa ya ce, “Subhanallah. Malam, gabas na ga damanka.”

A gidan malamai muka tashi, mu duka ukun mun san hukuncin, ni ta bayan bangon zaure na ji Baba yana karantar da shi ba sau ɗaya ba. Mai gani, idan ya gane yana cikin salla cewa ya kauce wa alƙibla da yawa, yanke sallar yake yi ya sake sabuwa. Makaho shi ne ba ya yankewa, juyawa kawai yake yi ya ci gaba. Da Baba ya yi sallama ya sake kabbara, da an ce sabon ɗaki ne ya ruɗe shi, a yi dariya a wuce. A raina ina ta cewa yanke, Baba, yanke.

Ya ɗan tsaya. Sai ya juya dama a hankali, bai yanke ba. Mutane yake ɓoye wa, ba zai ɓoye a cikin salla ba. Juyawar ma ta zarce, ya wuce gabas ya nufi kudu. Yaya ne ya cire takalmi ya shiga, ya kama kafaɗunsa biyu ya daidaita shi, ya ja da baya ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Tiren yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Baba ya idar da sallarsa a natse, ya yi addu’a ya shafa. Sai Yaya ya tambaye shi.

“Baba, tun yaushe?”

“An daɗe.”

Yaya ya juyo ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba. Ya dubi bangon hagu, inda ya sa aka goge layin fensir, ya rufe fuska da hannu biyu. Can ya ce zai kira magina, a fasa, a mayar da komai yadda yake. Baba ya girgiza kai. Ya ce ƙasar da aka zubar ta bi ruwa, kuma ko an sake yaɓawa ba hannunsa ne ya san ta ba. Baffa ya fara cewa ai a Sakkwato akwai manyan likitocin ido, kuma bai kamata a bar Malam haka ba sai mace ɗaya a gida. Ba wanda ya musa.

Baba ya juya fuskarsa wajen da yake zaton ina tsaye. Ya ɗan kauce, kusurwa yake kallo.

“Uwata, kina nan?”

“Ina nan, Baba.”

“Ki haɗa man littahwaina. Ki aika zaure a ce ma masu karatu su tahi, a ba su haƙuri.” Sannan ya ce wa Yaya, “Yaushe munka ce za ka koma?”

Yaya ya ce, “Jibi.”

“To, jibi.”